Sharar Aji Biyar

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 9:20 na safe

Yanzu haka aji biyar suna lissafi, ni kuma ina zaune a kicin da kayan barci. Shekara goma sha tara ina koyarwa, bakwai a Kafanchan, goma sha biyu a nan Amurka, ban taɓa ganin safiyar Litinin daga tagar gidana ba. Ashe ƙarfe tara motar kwashe shara take zuwa layinmu.

Takardar ta ce in zauna a gida har kwamiti ya zauna ranar 26 ga wata. Ranar za a yanke ko in koma ajina ko a ba wata malamar. Kada in shiga makaranta, kada in kira iyaye, kada in yi magana da yara. Shafi na biyu ba zan kwafe shi a nan ba. Akwai wata kalma a ciki da ba a taɓa haɗa ta da sunana ba.

Yara ashirin da uku. Zan koma. Da biro na rubuta, ba da fensir ba.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Bari in shirya abin da zan gaya musu.

Shekara biyu da suka wuce aka tura mu Japan, mu malamai goma, muka yi mako uku a wata ƙaramar makaranta a tsakiyar duwatsu. Bayan abincin rana sai kiɗa mai sanyi ya tashi a lasifika. Babu tsawa, babu bulala. Yara suka tura tebura bango, wasu suka ɗauki tsintsiya, wasu bokiti, kowa ya ciro tsummansa daga ƙarƙashin kujera. Zokin suke ce masa, tsohon tawul ne da aka ninke aka ɗinke. Su dafa shi da hannu biyu a ƙasa, su ɗaga ƙugu sama, su ruga da gudu daga wannan bango zuwa wancan suna ƙyalƙyala dariya. Minti goma sha biyar, makaranta ta koma kamar faranti.

Na tsaya a bakin ƙofa hawaye na zubo mini. Mu a gida shara horo ce. Ka makara, ga tsintsiya. Ka yi surutu, ga lauje, je ka filin ƙwallo. Su kuwa abin alfahari ne.

Tun watan Janairu na fara da ajina. Wa ya ƙara jefar da takarda a ƙasa? Babu. Wa ya ƙara manna cingam a ƙarƙashin tebur? Wanda zai kankare shi da kansa? Yara biyu da ba sa ga-maciji tun aji uku, yanzu bokiti ɗaya suke ɗauka. Duk zan faɗa. Sai sun tafa mini.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Na wanke firji. Na wanke bayan firji.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 6:30 na yamma

Mijina Chuwang ya dawo daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tayil.

"'Yar Tokyo, a shigo ko sai an nuna biza?"

"Cire takalmi."

"Na cire. Safar fa, ta ci jarrabawa?"

Na yi dariya, ta farko tun Juma'a. Mijina nas ne a gidan kula da tsofaffi na Upper Marlboro, kuma a can Bariatu take aiki, maman ɗalibata Nusrat, matar da ta kai ƙarata. 'Yar Kumasi ce. Ita ke yi wa tsofaffin wanka, ta canza musu zanen gado, ta goge abin da ya zube. Na tambaye shi ko ya gan ta. Ya ce sun gaisa. Na ce yaya ta amsa? Ya ce yadda mai azumi yake amsawa. Ya buɗe tukunya.

Nusrat ce ta fi kowa son lokacin shara. Ita ce zakarar tseren tsumma, babu mai kamo ta. Wannan ma zan faɗa.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Rana mai daɗi! Na je Fort Washington wurin Mama Fumie. 'Yar Japan ce, shekararta saba'in da takwas, ta auri Ba'amurke sojan ruwa, ya rasu ya bar ta da gida mai kallon kogi. A laburare muka haɗu bara, inda take koyar da ɗinkin hannu. Ita ta nuna mini yadda ake ɗinka zokin, ni kuma na ɗinka wa ajina ashirin da uku, kowa da sunansa.

Ta kawo koren shayi da wani ɗan dunƙulen wake da sukari. Har yau bakina bai yarda wake ya yi zaƙi ba, mu da muka san shi a ƙosai da alale, amma na cinye biyu.

Ta koya mini sabon ɗinki mai kamar igiyar ruwa, farin zare a kan shuɗin yadi. Sau uku ta warware mini. A na huɗu ta ɗaga shi saitin taga, ta ce, "Yashim-san, wannan ba laifi." A bakin Mama Fumie wannan lambar yabo ce.

Na ba ta labarin takardar, ban da shafi na biyu. Ta ce a garinsu uwa ce take ɗinka wa ɗanta tsumman, duk farkon zango, daga tawul ɗin gida. Ta ce, "Naki iyayen sun ɗinka?"

Na ce a'a, ai ba su da lokaci, na hutar da su.

Ta ce, "Haka ne," ta ƙara mini shayi.

Lahadi, 16 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

A coci mata uku sun rungume ni, ɗaya ta juya kai. An sani ke nan.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe 3:40 na yamma

NASARA. Mai gidan waya ya kawo babban ambulan daga malamar da take riƙe mini aji. Ba a hana su rubuto mini ba, ni aka hana. Wasiƙa ashirin da biyu! Wata ta ce ajin yana warin lemo da safa. Wani ya ce sun so su yi shara a ɓoye lokacin hutu, aka kama su da tsintsiya kamar ɓarayi. Wata ta zana ni da kambi a ka. Na shimfiɗa su a kan tebur na yi ta rawa ni kaɗai a kicin.

Ashirin da biyu. Na ƙirga sau biyu.

Na rubuta shafi shida na kare kai. Ko lauya sai haka.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 7 na yamma

Chuwang ya ci tuwo rabi ya ajiye.

"Madam, akwai abin da na ji a ɗakin hutu. Ba Bariatu ta gaya mini ba."

Hoton yara suna goge ƙasa da na tura wa iyaye ranar Alhamis kafin a dakatar da ni, wata ta ɗauke shi ta saka a zauren WhatsApp na matan Zangon Kumasi. Kafin magariba ya isa Kumasi. Kakar Nusrat, uwar mijin Bariatu, ta kira ta tana tsakiyar aiki, hannunta cikin safar roba. Ta ce, "Ke kin je kina wanke wa Turawa gindi, mun yi shiru. Ita ma abin da kuka kai ta yi ke nan?"

Na ce ai ba su gane ba ne, a Japan...

Ya ce, "Yashim, tsohuwar ba ta Japan. Tana Kumasi."

Na tashi. Na kwashe kwanuka.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe 4:30 na yamma

Na kai wa Mama Fumie shafi shidan da hotunan da na ɗauko a Japan, ta taya ni zaɓen waɗanda zan nuna wa kwamiti. Ta sa tabarau. Ta daɗe a kan guda ɗaya, ta ɗora yatsa a kan wani mai furfura a can kusurwa, ya naɗe hannun riga, gwiwoyinsa a ƙasa.

"Kin san wannan?"

Na ce shugaban makarantar ne.

"Wannan fa, mai bokiti?"

Malamar ajin.

Sai ta ce in nuna mata nawa hoton, wanda ya jawo maganar. Na nuna mata a waya. Ta kalla, ta kalla.

"Ya fito da kyau. Daga sama aka ɗauka. Ke kina ina?"

Na ce mata shayin ya huce.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe 8 na safe

Ban je coci ba. Ciwon kai.

Lahadi, ƙarfe 3 na yamma

Ba ciwon kai ba ne.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe 10 na safe

To. Littafin nan nawa ne, bari in rubuta.

A kan kujera nake. Na hau kujerar malami da takalmina mai tsini don hoton ya ɗauki kowa. Su suna ƙasa da safa. Huɗun da suke gaba, Nusrat da 'yan Najeriya biyu da ɗan Saliyo, su ne suka fi gudu, shi ya sa suka riga kowa zuwa kusa da ni. Sauran sun zama ɗigo-ɗigo a baya. Wanda bai san ajin ba, abin da zai gani ke nan: yaranmu baƙar fata huɗu a durƙushe, kai a ƙasa.

Kuma ba ranar kaɗai ba. Wata biyu cur ban taɓa tsumma ba sai da allura. Ina tsaye, hannu a ƙugu, "Can kusurwar! Ƙarƙashin tebur!" Daidai yadda Mista Bulus yake tsayawa a kanmu a firamare, ban da bulalar. Na ɗauko kiɗan, na ɗauko tsumman, na ɗauko minti goma sha biyar ɗin. Mutumin da ke kusurwa na baro shi a Japan, alhali ni na ɗauke shi a hoto da hannuna.

Na kira Mama Fumie. Na ce yaya ake ba da haƙuri a wurinku? Ta ce a tafi da kwalin alewa, a sunkuya sosai, a daɗe, kada a yi bayani. Na ce shafi shidan fa? Ta ce, "Takarda mai kyau ce. Bayanta fari ne, za ki iya zana ɗinki a kai."

Tsohuwar nan!

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Alewa ga mai azumi? A'a. Na sayi dabino a shagon Larabawa. Na goge riga. Na sake goge ta.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 2:15 na rana

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Mu biyar a ɗakin mitin: firinsifal Misis Hollis, mutum biyu daga ofishin ilimi, ni, da Bariatu. Daga aikin dare ta zo, da kayan aikinta a ƙarƙashin mayafi, leɓenta a bushe. Ba ta kalle ni ba.

Aka karanta shafi na biyu da ƙarfi. Na ji kalmar da kunnena. Ban mutu ba.

Aka ce in yi bayani. Na ce ina neman izini in yi wa maman yarinyar magana da harshenmu, zan fassara daga baya. Suka kalli juna, suka ce to.

Na ce, "Maman Nusrat, sannu da aiki, sannu da ƙishirwa."

Ta ce, "Yauwa." A taƙaice.

Na ce, "Ban tambaye ki ba kafin in ba 'yarki tsumma. Na ɗauke ta hoto tana ƙasa ina kan kujera da takalmi. Ban taɓa durƙusawa tare da su ba ko sau ɗaya. Na jawo miki magana a gidan miji. Ki yafe mini."

Na yi niyyar sunkuyawa irin ta Mama Fumie, har na gwada a madubi. Amma jikina bai san wannan ba. Kafin in ankara gwiwoyina biyu sun kai ƙasa, yadda ake yi a gida.

Ɗaya daga mutanen ofishin ilimi ya miƙe tsaye. Misis Hollis ta ce, "Ya Allahna."

Bariatu ta ce, "Ei, Ticha! Tashi, tashi, kafin mutanen nan su kira mana ambulan!"

Ta kamo hannuna. Gwiwar hagu ta ƙi, sai da ta sa ƙarfi, irin ɗagawar da take yi wa tsofaffi, hannu ɗaya a hammata. Ta zaunar da ni. Sannan ta fara, da Hausarta ta Zango, ba ta bar mini komai ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina durƙuso a ƙasar nan. Kin san don me? Don wannan yarinya ta tsaya a tsaye. In ta ce mini za ta zama likita, ciwon bayana yana tafiya. Sai in buɗe waya in gan ta haka? Ke da kike tamu? Da Baturiya ce sai in ce ba ta sani ba."

Na ce gaskiya ne.

"Kuma kin lalata mini ita. Kwana goma sha shida ba ta yi mini magana sai da Turanci, shi ma guntu-guntu. Ta jera mana takalma a bakin ƙofa kamar masallaci. Ta goge ɗakinta, ta goge na wanta, ta ce masa ƙazami. Na hana ta rubuta miki wasiƙa, ta rubuta ta ɓoye a cikin filo. Na gani. Ban ce na gode ba fa."

"Ban ce kin ce ba."

Ta juya wajen kwamiti, ta koma Turanci. Ta ce ba ta son a kori kowa, ita ma ta san zafin a ce maka zauna a gida. Za ta janye ƙarar, amma da sharaɗi. Tana son sabon hoto da za ta tura Kumasi. Malama a ƙasa da tsumma. Ta nuna Misis Hollis da haɓa: "Da shugabar."

Misis Hollis ta kalli siket ɗinta, ta kalli mutanen ofis. Ta ce, "Wace rana? In sa wando."

Sun ce za su rubuto. Na ba Bariatu dabinon a wurin ajiye motoci. Ta juya kwalin ta karanta bayansa, ta ce ba irin wanda take so ba ne, ta saka a jaka.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Shiru. Na duba imel sau goma sha huɗu.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe 12:05 na rana

TALATA ZAN KOMA. Akwai takardar gargaɗi da za ta zauna a fayil ɗina, kuma ba yaron da zai taɓa tsumma sai iyayensa sun sa hannu. Na yarda, na yarda, na yarda!

Na kira Chuwang a wurin aiki na yi masa guɗa a kunne. Ya ce, "Madam, ina riƙe da allura."

Juma'a, ƙarfe 6 na yamma

Na ɗauki Mama Fumie muka shiga jirgin ƙasa na Metro daga Largo, muka je kallon furannin bishiyar Japan da ake kira sakura a bakin ruwa. Mutane kamar ranar kasuwa. Ta ce a garinsu ba a zagaya bishiyar da waya a hannu, zama ake yi a ƙarƙashinta a ci abinci. Muka shimfiɗa zanena. Ta fito da dunƙulen shinkafa naɗe da ganyen teku, na fito da cincin. Furen yana faɗo mana a cinya.

Na ce mata ban iya sunkuyawar ba, durƙusawa na yi. Ta yi dariya har ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Kin wuce ni. Mu sai laifi ya yi girma sosai muke kaiwa can."

Na ce ai ya yi.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Yau Sallah. Chuwang ya dawo da kula cike da shinkafa da wake irin na Ghana, da baƙin yaji a gefe. Babu saƙo. Ya ce Bariatu ta ce a dawo mata da kularta.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Sun yi ihu har malamin aji huɗu ya leƙo. Ban yi kuka ba. To, kaɗan.

Na tsaya a gabansu na gaya musu abin da na yi ba daidai ba. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Misis Yashim, mun lura. Mun ɗauka gwiwarki ce." Na ce rabi gwiwa, rabi girman kai.

Na ba kowa takardar sa hannu, da wata ta biyu: duk gidan da ya yarda, a ɗinko tsumma daga tsohon tawul na gida. Ko ya karkace, ko da wane zare.

Nusrat ta jira kowa ya fita, ta ajiye mini wasiƙa a kan tebur, duk ta yamutse. Ta ce da Hausa, ita da ba ta taɓa yi mini Hausa ba, "Sannu da zuwa, Malama." Ta ruga.

Juma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe 5:30 na yamma

Goma sha tara sun sa hannu. Huɗu sun ƙi, 'ya'yansu suna ba shukoki ruwa suna jera littattafai, ba wanda ya ce musu komai. Tsummokaran da suka zo! Wani da zaren saƙa, wani uban ne ya ɗinka da zaren kamun kifi. Na Nusrat gefensa atamfa ce, ɗinkin ya fi nawa daidaita.

Ƙarfe ɗaya saura kwata na kunna kiɗan. Misis Hollis ta shigo da wando da safa mai zanen kyanwa, yara suka kusa suma. Bariatu ta zo da kayan Sallarta, leshi ruwan goro, ɗaurin kai har yana taɓa ƙofa. Ta ce ba za ta ɗauki hoton da zai je Kumasi da kayan aiki ba.

Muka jera a bango. Ni, Nusrat, firinsifal, sauran. Na dafa tsumma, na ɗaga ƙugu. Jama'a, abin nan da wuya! Kafin in kai rabin aji numfashina ya ƙare, Nusrat ta je ta dawo ta wuce ni tana cewa in yi sauri. Misis Hollis ta zame ta faɗi a kan ciki, ta tashi tana dariya, ta ci gaba. Bariatu tana tsugune a ƙarshen ɗakin da waya, tana ba da umarni: "Ticha, ɗago fuska! Shugaba, matso kusa da 'yata!"

Na zo ta ƙarshe. Ta ƙarshe cikin ashirin da ɗaya. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa jarrabawa irin na yau ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe 9 na safe

Gwiwata ta kumbura, Chuwang ya ɗaura mini ƙanƙara yana ta tsiya. Sai ga saƙo daga Bariatu, ta turo mini muryar tsohuwar daga Kumasi. Na saurara sau uku.

Ta ce ta ga hoton, ta nuna wa duk layinsu. Ta ce jikarta ce a gaba, shugabar makaranta a bayanta, haka ake so. Sannan ta ce, "Amma waccan mai jar rigar, ita ce malamar? Ku gaya mata ba haka ake matse tsumma ba, ruwa na bin ta a baya. Nusrat ta koya mata."

Na amsa wa Bariatu: a gaya wa Hajiya ranar Litinin zan fara ɗaukar darasi.